Yadda ake ɗora ɗalibi kan binciken muhalli da jama'a a karkara, daga zaɓen batu har sutnans, wato kare aikin gaban juri

Tunda lokacin memuwar, wato kundin binciken ƙarshen karatu, ya kama saƙonni ba su bar wayata ta huta ba, wasu daga ƙannenmu malamai da aka danƙa ma ɗalibai karon farko nan jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wasu daga Abdou Moumouni can Yamai, wasu ma ɗaliban ne da kansu ke kewayowa ta bayan malaminsu, kuma duk tambayar guda ce, malam ta ina ake farawa. Na gaji da yin vokal ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na zauna na rubuta wannan, wanda ya sake tambaya sai a tura masa. Babu tarihin fanni a ciki babu gardamar masana, wannan an yi shi a aji. Jerin aiki ne kawai, abin da ke gaba da abin da ke baya, kayan da za a riƙe, kuɗin da zai ci, da ramukan da yara ke faɗawa kowace shekara. Misalan na Adar ne don nan nake aiki, wanda ke Dosso ko Damagaram ya musanya da nasa.

Abu ɗaya tun yanzu, takardar tambayoyin nan da kowane ɗalibi ke ɗokin farawa da ita, a nan ita ce mataki na biyar. Wanda ya kawo maka ita a makon farko ka karɓa ka sa a durowa, ka ce za ku yi maganarta bayan ya taka ƙauyen da ƙafarsa.

1. A matse batu har ya koma tambaya

Yaro zai shigo da murmushinsa ya ce malam batuna shi ne tasirin canjin yanayi ga rayuwar al'umma a jihar Tawa. Kada ka yi masa faɗa, kusan dukansu haka suke zuwa, amma kada ka sa hannu. Ka zaunar da shi ka yi masa tambayoyi uku: a wane gari, a kan su wa, kuma wane abu ne ya canza tsakanin yaushe da yaushe. In bai iya amsawa a jimla guda ba to bai samu batu ba tukuna, ya je ya dawo.

A fanninmu tambaya mai kyau dole ta taɓo abu biyu, abin da ake iya aunawa kamar ƙasa, itace, ruwa ko ciyawa, da abin da ke tsakanin mutane kamar iko, kuɗi, gado da al'ada. In ɗaya ya ɓace aikin ya koma na malamin gona zalla ko na ɗan sosiyoloji zalla. Kuma Adar cike take da irin waɗannan tambayoyin, ba sai an je nesa ba. A Keita tun 1984 aka yi babban furojen farfaɗo da ƙasa da kuɗin Italiya da hannun FAO, mata suka yi ta ɗaukar dutse a ka, to yau wa ke gyara waɗannan gine-ginen duwatsun in ruwa ya fasa su, kuma filin da aka raya ya zama na wa? A kwarin Majiya wajen Buza an fara dasa layukan bedi na tare iska a 1975 da tallafin CARE, wa ke da izinin sara, kuɗin itacen ina yake tafiya? A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina suka ga yadda ake ramukan shuka, suka dawo suka kyautata tassa, sai ga fakon da ba mai kallonsa ya fara samun mai saye, to su wa ke saye su wa ke sayarwa? Ga masu albasa na Galmi da injin ban ruwa da rijiyoyin da ake ta ƙara ma zurfi, ga tabkin Tabalak da masunta da masu garka da makiyaya duk a bakin ruwa guda. Kowane ɗaya a nan ya ishi memuwar ɗin mastar. Na lisans kuwa gari ɗaya ko biyu ya wadatar.

Hattara: kafin ka amince da wuri ka tambayi halin tsaronsa a wannan watan, ba na bara ba. An sa Tillia da Tassara cikin dokar ta-ɓaci a 2017, ba digirin da ya kai a tura ɗan mutane inda malamin kansa ba zai kwana ba. Sai harshe, wanda ba ya jin Tamajak ko Fulatanci in ya zaɓi makiyaya to ya sa kuɗin tafinta a lissafi tun ranar.

2. Karatu na mako biyu zuwa uku, ba na rabin shekara ba

A fara da memuwar ɗin da aka riga aka yi kan yankin a ɗakin karatun fakulte, sai kundin tsarin raya komin ɗin da za a je, yana ofishin magajin gari kuma mutane kaɗan ke tunawa da shi. LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa ta Yamai, tana saka rahotanninta kyauta a intanet, kuma don koyon yadda ake rubuta abin da aka ji a ƙauye ban san kamarsu ba. Ruwan sama a nemi ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa ko cibiyar yanayi da noma ta AGRHYMET, yawan jama'a a nemi INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Dokoki uku duk mai taɓa ƙasa ko itace ya karanta su da idonsa: ta Code Rural, wato dokar ƙasar karkara, ta 1993, ta kiwo ta 2010, da ta 2020 kan sassaben zamani, wato barin tsiron itace a gona ana yi masa gyara.

Kowane abin da ya karanta ya cika masa fish shafi ɗaya, wa ya rubuta, yaushe, a ina, da wace dabara, me ya samu. Ya zuba su a Zotero, manhajar jera littattafan da aka karanta, tun ranar farko, kyauta ne.

Hattara: ƙidayar 2012 ta tsufa, gari ya ƙaru wasu sun tashi, a yi amfani da ita don kwatance kawai. Sannan duk littafin da ɗalibi ya ambata ka ce ya nuna maka shi a hannu ko a kwamfuta, don ChatGPT na ƙirƙiro sunan marubuci da shekara da shafi duk na ƙarya kuma su yi kyau a ido.

3. Takardu da gaisuwa

Takardar izinin bincike daga jami'a, a yi mata kofi da yawa. Da ita za a bi ta wajen perfe, sai komin, sai fadar sarkin yankin, sannan maigari, a wannan jerin, kada a tsallake. Daga nan a leƙa ma'aikatan gandun daji da malamin gona da na dabbobi da sakataren COFO, su ne hukumar da ke rubuta takardun saye da jingina da aro na gonaki, kuma rajistansu zinariya ne ga mai binciken ƙasa.

Abin da ba a koyarwa a aji shi ne yadda yaro zai gabatar da kansa, kuma ni a ganina rabin sakamakon a nan yake. Mutanenmu na karkara sun ga anket iri-iri, duk baƙo mai jaka da takarda a wajensu ɗan furoje ne kuma bayan rubuta suna taimako ke biyowa, to kowa zai zama talaka lis, ba akuya ba hatsi. Ka sa ɗalibi ya haddace maganarsa ya gwada ta gabanka, wani abu kamar haka: ranka ya daɗe ni ɗan lakkwal ne daga Tawa, malamaina suka aiko ni in koyi yadda kuke rayar da fako, ba ni da furoje ba na rabon komai, abin da na rubuta na jarrabawata ne. Ya maimaita ta a kowane gida, ko an gaji da ji. Ya riƙe goro ko ɗan sukari da shayi na gaisuwar maigari, wannan ladabi ne ba sayen magana ba.

Hattara: kada ya shiga gari cikin motar ONG don ya samu ta banza, kuma kada ma'aikacin gandun daji ya yi masa rakiya in tambayarsa ta shafi saran itace. Wa zai ce na sare gawo gaban mai cin tara?

4. Ziyarar leƙe, hannu ba takarda

Kwana biyu ko uku, kaye da bik kawai. In kana da ɗalibai da yawa ka kai su tare gari guda ka raba su bibbiyu, wasu wajen tsofaffi, wasu wajen mata a bakin rijiya, wasu wajen samari, wasu rugar da ke gefen gari, da dare kowa ya faɗi abin da ya ji. Irin wannan aikin gayya LASDEL ta daɗe tana yinsa da sunan ECRIS, kuma yaro na koyon abin da zango guda a aji bai ba shi ba, musamman lokacin da ya ji guruf ɗin mata sun kawo labarin da ya saɓa da na zauren maigari kan rijiya guda.

Ayyuka uku ake yi. Na farko a ratsa ƙasar garin da ƙafa tare da dattawa biyu, daga kan dutse a gangaro fako a bi jigawa har fadama, ana tafe ana tambaya, wannan gonar wa, me ake shukawa da, wannan koramar yaushe ta fara cin gonaki, ina burtali ya bi. Na biyu mutanen garin su zana taswirarsu a ƙasa da tsinke da tsakuwa, maza daban mata daban, ɗalibi ya kwafa a kaye ya ɗauki hoto. Na uku a jera shekarun da kowa ke tunawa, don manomi ba zai ce maka 1984 ba amma zai ce shekarar El Buhari, ko zamanin Kunce, ko shekarar da aka gina masallacin Juma'a, ko yunwar 2005. Da wannan jerin za a riƙa ɗaure duk tambayar da ta shafi da da yanzu.

Bayan an dawo a sake duba tambayar mataki na ɗaya. Sau tari sai ta canza, ka bar ta ta canza, amfanin tafiyar kenan.

5. Yanzu a rubuta tambayoyi

A fara yanke shawara, me ke buƙatar ƙirga, me ke buƙatar hira. Gida nawa ke yin tassa, dami nawa aka samu, wannan na takardar tambayoyi ne. Me ya sa wane ya daina, yaya aka sasanta rigimar burtali, wannan hira ce mai tsawo da mutum goma sha ko ashirin da aka zaɓa don sun san zancen. Galibi ana buƙatar duka biyun. Duk tambayar da aka rubuta ka tambayi ɗalibi wane tabulo za ta cika a memuwar, in ya yi shiru a soke ta. Takardar da ta wuce minti arba'in tana gajiyar da mai amsa, daga nan sai i, i, don ka tashi.

A rubuta ta da Hausar yankin tun a gida, ba a riƙe ta Faransanci ana juyawa a baki gaban mutum ba, don in ɗalibai uku ne to tambaya uku daban za su yi. Kuma a sauko da ita ƙasa. Kada a ce kana ganin yanayi ya canza, kowa ya ji wannan a rediyo zai ce i. A ce lokacin da kake saurayi a wane wata kuke shuka, bana fa, sau nawa ka sake shuka, wane irin hatsi ka bari wane ka kama, igiyar gugarku gaba nawa ce da, yanzu fa. A yi aiki da ma'aunin mutane, dami da tiya da buhu da amalanke, sannan a auna dami biyar ko goma a garin da sikeli a sussuka a san nauyinsu, don damin wani gari ba na wani ba ne. A fayyace ma wa ake nufi da gida, masu ci daga tukunya guda ko duk masu noma gandu guda, a kuma tambayi gamana daban, in ba haka ba gonakin mata da samari sun ɓace daga lissafi.

Akwai tambayoyin da ba a yinsu kai tsaye. Na ga wata ɗaliba zaune kan tabarma gaban wani dattijo, shanunsa na kwance bayan danga tana ganinsu, ta ce baba shanu nawa gare ka, ya yi dariya ya gyara rawani ya ce ɗiyata ai ni ba ni da komai sai abin da Allah ya ba ni kiwo. Ba ƙarya yake nufi ba, akwai tsoron haraji akwai tsoron baki akwai kuma dabbobin da amana ce aka ba shi. Washegari ta koma da tsakuwa ashirin ta zube gabansa ta ce baba a ce wannan ne garkenka kafin muguwar shekara, ware min waɗanda suka mutu da waɗanda ka sayar da waɗanda suka rage. Nan take ya sa yatsa ya kasa su uku, har yana gyara ɗaya daga wannan kashi zuwa wancan. Ba ta samu adadi ba amma ta samu kaso, kuma shi tambayarta ke nema.

Wanda ke da Android ya sa takardar a KoboToolbox ya cika ta da KoboCollect, kyauta ne, yana aiki ba rezo, in an samu rezo a tura. Wanda ba shi da ita takarda ma ta yi.

Hattara: dole a gwada ta kan mutum biyar zuwa goma a wani gari na kusa, ba garin binciken ba, a gyara sannan a buga. Ɗalibin da ya ce ba lokacin gwaji, shi ne zai dawo da fish tamanin da tambaya ta bakwai ba wanda ya gane ta.

6. Su wa za a tambaya, kuma nawa

A zauna da maigari da masu unguwa a jera sunayen masu gida, rajistan haraji na taimakawa amma a bi shi ana gyarawa. A ce an samu gida 400. Lissafin da aka fi amfani da shi a memuwar shi ne n = N / (1 + N × e²), N yawan gidajen garin, e kuskuren da aka yarda da shi, n gidajen da za a tambaya, in an yarda da kuskuren kashi 10 cikin ɗari zai ba da gida 80, in kashi 5 ne gida 200. Ka sa yaro ya yi lissafin da hannunsa ya kuma faɗi gaskiya wane ya ɗauka da dalili, galibi dalilin kuɗi ne kuma ba abin kunya ba ne. In 80 ne cikin 400 sai a jefa ƙuri'a tsakanin ɗaya da biyar, in uku ta fito a ɗauki na 3, na 8, na 13, haka har ƙarshe.

Ga inda ake zamewa. Maigari don kirki zai ce zauna nan inuwa in kira maka mutane, sai ya kira 'yan uwansa da 'yan kwamitin da suka saba da baƙi. A gode masa a bi jerin. Sannan a Adar da an gama girbi maza da yawa sun kama hanyar ci-rani, Abijan, Najeriya, Libiya, wanda ya je a watan Maris zai tarar da tsofaffi da mata, kuma matan ne ke riƙe da gidan, to a tambaye su a matsayinsu na masu riƙon gida kada a tsallake a ce mai gida ba ya nan. Inda ake kulle namiji ba zai shiga ba, shi ya sa nake haɗa ɗalibi da ɗaliba in da hali. Makiyaya masu wucewa ba sa cikin rajistan kowa, in tambayar ta shafi ciyawa ko ruwa ko ɓarnar gona a same su ta hannun ardo ko a bakin rijiya ko ranar kasuwa.

Ita hira mai tsawo ba ta da wannan lissafin, ana tsayawa ne lokacin da sabon mutum ya daina kawo sabon zance.

7. Kuɗi da lokaci

A rubuta kasafi kafin a tashi, malam ya gani. Kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu aƙalla, na leƙe da na anket, a tambayi farashin ranar a tasha. Kabu-kabu ko esans tsakanin ƙauyuka. Ɗan rakiya na gari, mu muna ba da kamar jikka biyu zuwa uku a wuni, tafinta ya fi haka. Gaisuwar maigari jikka ɗaya ko biyu. Abinci, ko an sauke ka kyauta ka riƙe shinkafa da mai ka ba uwar gida. Fotokofi kuwa ku lissafa, gida 80 shafi shida-shida shafi 480 kenan, a dala biyar-biyar ya kama jikka goma sha biyu, da wannan kuɗin gara a sayi batirin caji a yi da Kobo. Sai kiredi, maganin zazzaɓi, gidan sauro, buga memuwar da ɗaure ta kofi-kofi na 'yan juri. A ƙara kashi goma bisa jimla don abin da ba a zata ba.

Lokaci mafi kyau daga ƙarshen girbi zuwa Disamba, rumbu na cike mutane na tuna abin da suka samu, kuma lokacin ne ake sakin gonaki ga dabbobi, mai binciken manoma da makiyaya zai gani da idonsa. Da damina sai da yamma, da azumi sai da safe kuma a taƙaita.

8. A cikin gari

Ya kwana a garin in tsaro ya bari, abin da ake ji bayan isha'i wajen shayi ba a jinsa da rana. Kafin kowace hira ya nemi izini, ya ce ba za a rubuta sunan mutum a memuwar ba kuma wanda ba ya so ba dole, rikoda da hoto su ma sai an yarda. A sa lamba maimakon suna a kan fish. Gida shida zuwa takwas a wuni ya isa, wanda ya ce ya yi ashirin ka san a gindin bishiya ya cika wasu.

Kowane dare aiki biyu, a bi fish ɗin ranar a ga inda aka bar rami tun mai amsa na kusa, a kuma rubuta a kaye abin da ido ya gani wanda ba a tambaya ba, kututturen da aka sare sabo, amalanken itace da ya fita da asuba, wanda ya yi shiru da wane ya shigo. Kai malam ka kira shi a kwana na biyu ya karanta maka fish biyu ta waya, kuskuren da aka kama a nan ya fi sauƙin gyara.

Hattara: in zance ya kai kan rigimar gona da ke gaban sarki ko alƙali, ɗalibi ya saurara ya rubuta, kada ya ce wane ke da gaskiya, kada kuma ya kai maganar wani gidan wani.

9. Awo

Abin da baki ya faɗa a gwada shi da abin da ƙasa ta nuna. Manomi ya ce gonarsa eka biyu, a kewaye ta da GPS na waya a gani, ko gonaki ashirin cikin tamanin aka auna ya isa a san yadda faɗe da awo ke bambanta. Itace kuwa a ja igiya mita 50 kan 50, rubu'in eka kenan ta mita ɗari kan ɗari, a ƙirga kowane iri da sunansa, gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, manya daban tsiro daban, a ninka sau huɗu. In rahoton furoje ya ce an yi rabin wata, wato ramin tare ruwan sama mai siffar rabin wata, guda 313 a kowace eka, wanda shi ne adadin da aka saba, a je a ƙirga nawa ke da rai nawa yashi ya cike.

Hotunan sama a fara da Google Earth Pro, yana nuna na shekarun baya, taswira kuma a yi ta a manhajar QGIS. Hotunan tauraron ɗan adam na Landsat da Sentinel-2 kyauta ne amma na farko ɗigonsa mita 30 ne na biyu mita 10, ƙaramin itacen gona ba ya fitowa ɗaya-ɗaya a ciki. A kwatanta rani da rani, don hoton damina hatsi da ciyawa duk kore ne, shi kuma gawo da damina yake zubar da ganye da rani yake tohowa.

10. Tsabtacewa da fidda ma'ana

Ranar da aka dawo a ajiye bayanan wuri uku, kwamfuta, kile da imel. A Excel kowane gida layi guda kowace tambaya ginshiƙi guda, a bi a nemo abin da hankali ba zai ɗauka ba, mai shekara 19 da 'ya'ya goma sha biyu, gonar eka 300, a koma fish a duba. Inda ba a amsa ba a bar shi fanko, kada a sa sifili, rashin amsa daban babu daban. Lisans Excel ya ishe shi, mastar ya koyi SPSS ko R ko Sphinx, amma kafin gwajin Khi2, mai nuna ko amsoshin tambaya biyu na da alaƙa, ya iya haɗa tambaya biyu a tabulo guda ya faɗi da bakinsa abin da ya gani, misali masu tassa tsakanin masu amalanke da marasa shi, tunda taki sai an kai shi gona.

Hirar da aka ɗauka a rubuta ta da Hausa yadda aka faɗe ta sannan a juya, awa guda na cin awa huɗu zuwa shida, a sa wannan a kalanda. A karanta ana sa alama a gefe, gado, tara, ruwa, ci-rani, a tara masu alama guda a ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Inda lamba da hira da awo suka saɓa kada a ɓoye, nan ne ma naman memuwar yake. Kowa ya ce itace ya ƙare amma ƙirga ta nuna tsiro ya ƙaru, wataƙila irin da mata ke buƙata na miya da magani ne ya tafi, sabara ta cike wurin, sai a koma hirar a duba.

Hattara: kashi cikin ɗari kan mutum goma sha biyu yaudara ce, a rubuta bakwai cikin sha biyu. Kuma binciken gari biyu ba ya ba da izinin cewa manoman Nijar.

11. Rubutu, komawa gari, sutnans

A fara rubuta babin dabarun aiki tun abin na sabo a kai, da duk abin da ya faru na gaskiya, gidajen da suka ƙi amsa, garin da aka musanya da dalili. Sai sakamako, sai tattaunawa, gabatarwa a ƙarshe. Ka karɓi babi-babi kada ka jira tuli guda ana saura mako. Shawarwarin ƙarshe su fito daga abin da aka samu, a faɗi wa zai yi me, ba a wayar da kan jama'a ba da ake liƙawa a kowace memuwar.

Kafin a ɗaure, in kuɗi sun rage ɗalibi ya koma garin ya faɗi abin da ya samu da Hausa a zauren maigari, ya sake faɗa wajen mata, su gyara masa inda ya ji ba daidai ba, ya bar kofin taswirar a makarantar garin, komin ma a kai mata kofin memuwar. Sutnans kuwa a gwada ta gabanka sau biyu da agogo, minti goma sha biyar ko abin da fakulte ta yanke, allo kamar goma sha biyu, ya shirya amsar me ya sa wannan gari, me ya sa gida 80, yaya aka zaɓe su, don juri ba ya tsallake su. Ya buga allunan a takarda kofi huɗu ya riƙe a jaka saboda kuran, ya zo da kayensa na fili da fish ɗin asali ko wani cikin juri zai ce a nuna masa.